Saba Ta Mutu, Fitila Na Ci: Yadda Ake Haɗa Makunni Mara Waya da Ba Ya Jiran Kwamfuta

A watan Afrilun bara, lokacin da zafin Sakkwato ke koro kowa ya kwana a tsakar gida, na cire makunnan fitilu uku a gidanmu da ke Tudun Wada: na zaure, na tsakar gida, da na hanyar bayi. Na sa ƙwayayen fitila masu karɓar umarni ta iska, na manna 'yan maɓallai masu batir a bango, sannan na ajiye wata 'yar kwamfuta da ba ta fi tafin hannu ba a ɗakina don ta riƙa kula da su. Ita ce muke kira saba. Magariba na yi fitilu su kunna kansu, sha ɗayan dare su mutu, wanda ya fito cikin dare kuma ya danna maɓalli. Sati uku cur ina jin kaina injiniya, har abokai nake gayyata su zo su gani.

Wani dare aka yi ta kawo wuta ana ɗaukewa, mu kuma muna ta juya layi tsakaninta da inbata. Duk juyi ɗaya sai saba ta mutu ta sake tashi. A juyi na ƙarshe ba ta tashi ba, memorin da ke cikinta ya lalace, ni kuwa ina barci ban sani ba. Kafin kiran asalatu kakarmu ta fito da butarta, ta lalubi maɓalli ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru. Ta ci gaba a cikin duhu, ta yi tuntuɓe da dakalin ƙofar bayi ta bugu a gwiwa. Mako guda a zaune take salla.

Da gari ya waye ta aika aka kira ni. Ta ce, "Kai maigida, wagga hitila taka mi yas same ta? Na danna, na danna, ta ƙiya."

Ban iya cewa komai ba. Baba ne ya yanke hukunci: "In dai sai kwamfuta ta yarda za mu ga haske, to maido muna makunnanmu na da."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne akwai caji a batirin inbata, wuta na shiga ƙwan, maɓallin ma lafiyarsa lau. Tazarar da ke tsakanin maɓalli da ƙwai ba ta kai taku biyar ba, amma na tsara su yadda ba za su iya magana da juna ba sai ta bakin kwamfutar da ke ɗakina. Laifin ba na kayan ba ne, na wanda ya zana tsarin ne. Na rubuto wannan ne domin 'yan sashen Lantarki da na Kwamfuta da ke shirin furojek a kan gida mai sarrafa kansa, da ma duk mai sha'awar sa irin waɗannan fitilu, kada su faɗa ramin da na faɗa.

Hanyoyi uku da saƙo ke bi

Idan ka danna maɓalli mara waya, wani ɗan saƙo ne ke fita mai cewa "kunna" ko "kashe". Tambayar da ya kamata ka yi wa kowane irin kaya kafin ka saya ita ce, ta ina saƙon nan yake bi kafin ya isa ga ƙwai?

Hanya ta farko ita ce ta intanet. Yawancin ƙwayaye da soket masu aiki da Wi-Fi da ake kawowa kasuwa haka suke zuwa daga kamfani. Ka taɓa manhaja a wayarka, saƙo ya bi rauta, ya hau eriyar kamfanin sadarwa, ya gangara Legas, ya bi wayar ƙarƙashin teku zuwa kwamfutar kamfanin a wata ƙasa, sannan ya juyo ya dawo ɗakin da kake zaune. Abin da ake kira gajimare ke nan, kuma ba wani abu ba ne illa kwamfutar wani a garin da ba ka sani ba.

Hanya ta biyu ita ce ta sabar cikin gida, irin tawa. Ba ka buƙatar data, ba ka buƙatar sabis. Maɓalli ya gaya wa saba an danna shi, saba ta duba dokar da ka rubuta mata, ita kuma ta umarci ƙwai. Ta fi ta farko nesa ba kusa ba, sai dai komai ya rataya a wuyan na'ura ɗaya.

Hanya ta uku ita ce maɓalli ya yi wa ƙwai magana kai tsaye, ba ɗan aike.

Waɗanda suka yi darasin amincin na'urori za su tuna lissafin abubuwan da aka jera a layi ɗaya: ninka su ake yi. A misali kawai, mu ɗauka kowace gaɓa tana aiki sau 95 cikin 100. Gaɓa biyu a jere za su ba ka kusan 90 cikin 100. Gaɓa shida kuwa, ka ninka 0.95 sau shida, za ka samu kusan 0.74. Wato cikin dannawa huɗu, ɗaya ta tafi a banza. Tsohon makunnin da Baba ke nema gaɓa ɗaya ce tak, ɗan ƙarfe ya taɓa ɗan ƙarfe, shi ya sa yake shekaru ba a tuna da shi.

Ba a gidanmu aka fara ba

Kada wani ya ce ai matsalar wutarmu ce kawai. A Amurka, kamfanin Nest ya sayi wani kamfani mai suna Revolv a 2014, a watan Mayun 2016 kuma ya kashe sabarsa. Na'urar da mutane suka saya dala 300 ta koma kwalliyar tebur. A watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon ya kashe nasa sabobin ba tare da sanarwa ba, manhajarsu ta daina aiki rana ɗaya, sai a watan Yuni wasu daga cikin masu amfani da kayan suka haɗu suka sayi kamfanin suka tayar da shi. Abin lura a labarin Insteon shi ne makunnan bango da aka riga aka haɗa da fitilunsu kai tsaye sun ci gaba da aiki duk tsawon lokacin, domin bayanin haɗin yana cikin makunnan ne, ba a sabar kamfani ba.

Mu a nan ba sai kamfani ya karye ba. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka rufe na ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jiharmu saboda yaƙi da 'yan bindiga. Abokan karatunmu 'yan Isa da Sabon Birni ba su manta ba. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka samu matsala a gaɓar Kwaddibuwa, manhajojin banki suka riƙa juyi ba sa buɗewa. Duk wanda fitilarsa ta dogara ga hanya ta farko a irin waɗannan ranaku, to sai dai ya nemi ashana.

Zigbee da maganar ɗauri

Kayan da na sa a gida da harshen Zigbee suke magana. An tsara shi ne don ƙananan na'urori masu cin wuta kaɗan, a kan ƙa'idar IEEE 802.15.4. Yana aiki a zangon 2.4 GHz kamar Wi-Fi, da tashoshi 16 daga lamba 11 zuwa 26, gudunsa kuma kilobit 250 ne a daƙiƙa. Ba ya ɗaukar bidiyo, amma ya ishi "kunna" da "kashe" har da saura. Ƙungiyar da ke kula da shi an kafa ta a 2002 da sunan Zigbee Alliance, a 2021 ta koma Connectivity Standards Alliance.

Na'urorin Zigbee kashi uku ne. Akwai kodineta, guda ɗaya a kowane gida, yawanci ɗan abu ne kamar filashi da ake soka wa saba. Shi ke buɗe gidan, shi ke karɓar sabbin shiga. Akwai masu miƙa saƙo, wato yawancin abin da ke jone da wuta kullum kamar ƙwayaye da soket. Kowannensu yana karɓar saƙon maƙwabcinsa ya miƙa gaba, har su zama kamar raga. Sai kuma masu batir, irin maɓallan bango, da ke barci kullum sai an danna su, shi ya sa ɗan batirin nan mai kamar kwabo yakan yi musu shekara ko fiye.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, da zarar ragar ta kafu, ƙwayayen nan suna ci gaba da miƙa wa juna saƙo ko da kodineta ba ya nan. A daren da kakata ta faɗi, ragar tana raye. Maɓallin ne kawai bai san adireshin kowa ba sai na kodineta, sai ya yi ta aika saƙo gidan da ba kowa.

Maganin shi ne abin da zan kira ɗauri. A cikin kowane maɓalli da aka ƙera bisa ƙa'ida akwai wani ɗan jadawali da za a iya rubuta masa cewa, in an danna ka, aika umarnin kunnawa ga ƙwai mai adireshi kaza. Kamar ɗaurin aure ne: saba ce waliyyi, dole tana wurin ranar da za a ɗaura, amma bayan an shafa fatiha miji da mata ba sa bi ta gidan waliyyi kafin su gaisa. A manhajar Zigbee2MQTT, wadda mutane da yawa ke haɗawa da Home Assistant, za ka buɗe shafin maɓallin, ka shiga wurin da aka rubuta Bind, ka zaɓi ƙwan, ka zaɓi rukunin umarnin kunnawa da kashewa, mai lamba 0x0006 a ƙa'idar. In kana son rage haske da ƙarawa sai ka haɗa da 0x0008. Ka tuna maɓallin barci yake yi, don haka ka danna shi daidai lokacin da kake aika umarnin ɗaurin, in ba haka ba ba zai ji ba.

In fitilu da yawa kake so maɓalli ɗaya ya kunna, kada ka ɗaura su ɗaya bayan ɗaya. Ka zuba su a rukuni guda, ka ɗaura maɓallin da rukunin. Kowane ƙwai yana riƙe lambar rukuninsa a cikinsa, kira ɗaya za a yi duk su amsa tare. Haka na yi wa fitilar tsakar gida da ta hanyar bayi.

Saba fa ba a kore ta ba. Har yanzu ita ke kunna fitilu da magariba, ita ke nuna mini a waya wacce ke ci. In ta mutu, waɗannan ƙawa ne kawai za su tsaya. Hannu kuwa in ya danna, haske zai zo.

Inda ake tuntuɓe

Na farko, ba kowane maɓalli ne ke yarda da ɗauri ba. Da yawa daga cikin masu araha ba sa aika umarnin kunnawa, rahoto kawai suke kai wa kodineta cewa an taɓa su sau ɗaya ko sau biyu. Irin waɗannan ko ka kwana kana gwadawa ba za su ɗauru ba. Rimot ɗin IKEA da na Philips Hue an san su da karɓar ɗauri. Sauran kuma ka duba lambar samfurin a shafin Zigbee2MQTT kafin ka tura kuɗi.

Na biyu, kowane mai batir yana da uba guda a cikin raga, wanda ta hannunsa saƙonsa ke fita. In ka shigar da maɓalli kana zaune kusa da saba, zai iya ɗaukar kodineta a matsayin uba, ranar da kodineta ya ɓace kuma sai ya tsaya neman wani, wasu ma ba sa samu. Ka shigar da shi a bangon da zai zauna, kusa da ƙwan da zai riƙa kunnawa.

Na uku, ƙwai mai miƙa saƙo dole wuta ta riƙa shiga cikinsa dare da rana. In ka bar tsohon makunni a layinsa wani ya kashe, ka yanke ragar ke nan. Haka nan in rabin ƙwayayenka na kan inbata rabi ba sa kai, duk lokacin da aka ɗauke wuta ragar za ta yage. Fitilun da rayuwar gida ta dogara gare su, ka tara su a layin inbata.

Na huɗu, me ƙwai zai yi in wuta ta dawo? Yawancinsu daga kamfani kunnawa suke yi, sai a kawo wuta ƙarfe biyun dare gida ya haske kamar ana biki. Akwai saiti: ya kunna, ya zauna a kashe, ko ya koma yadda yake kafin a ɗauke. Ni duka na sa su koma yadda suke, shi ya sa suka zauna a kashe a daren nan. Yanzu ta hanyar bayi na sa ta riƙa kunnawa duk lokacin da wuta ta dawo. Gara a yi asarar wat tara zuwa safe da a sake jinyar gwiwa.

Na biyar, gininmu. Bangon bulo, katangar ƙasa mai kauri, ƙofar ƙarfe da rufin kwano duk suna cinye sigina. A cikin gida kada ka sa rai da fiye da mita 10 zuwa 20 tsakanin na'ura da na'ura, wani lokaci ma bai kai ba. Wi-Fi ma na iya danne shi tunda zangonsu ɗaya, shi ya sa ake yawan zaɓar tasha ta 15 ko 20 ko 25. Saba kuma a nema mata inuwa da iska da wutar da ba ta yankewa, domin zafin bazara da ɗauke wuta ba zato su ne ajalin memori.

In aljihu bai kai Zigbee ba

Na san halin da ake ciki, kuɗin furojek da na handawut ma da ƙyar. Ƙa'idar dai ɗaya ce, kuma akwai hanyoyi masu sauƙi.

Mafi aminci ita ce ka bar tsohon makunni a wurinsa, ka sa ɗan rile mai Wi-Fi ko Zigbee a bayansa. Makunnin yana shiga rilen da waya, rilen ne ke yanke shawara a cikinsa, don haka ko intanet ta duniya ta mutu zai yi aiki. Ka kula da abu biyu. Wasu suna da saitin da ke raba makunni da rile, ya zama sai ta saba, wanda shi ne ramin da muke gudu. Sannan a gidaje da yawa wayar nutural ba ta sauko cikin akwatin makunni ba, tana can saman silin, alhali yawancin rile suna buƙatarta. Wutar gida bolt 230 ce, ba ta wasa. In ba ka iya ba ka kira mai aikin wuta, in ka iya ma ka kashe babban layi ka gwada da testa tukuna.

Ta biyu ita ce rimot mai 433 MHz, irin na ƙofar gareji. Rile yana haddace lambar rimot, ba rauta ba saba. Arha gare shi kuma yana ratsa bango fiye da 2.4 GHz. Aibinsa shi ne yawancinsu, kamar masu cif ɗin EV1527, lamba ɗaya suke aikawa kullum a buɗe, kuma ba sa jiran amsa. Wanda ya san kan abin zai iya kwafe ta. Ya dace da fitila, bai dace da makullin ƙofa ba.

Ta uku ta masu son rubuta kod ce. Cif ɗin ESP32 na kamfanin Espressif yana da wata hanya mai suna ESP-NOW, inda allo biyu ke aika wa juna saƙo ta adireshin MAC, ba tare da rauta ba. Allo ɗaya a maɓalli, ɗaya a rile, ka gama. In allon rilen yana kuma hawa Wi-Fi don ya kai wa saba rahoto, dole duka su zauna a tasha ɗaya, don haka ka kafe tashar rauta kada ta riƙa canzawa da kanta. Ka kuma rubuta kod ɗin yadda neman Wi-Fi ba zai tsayar da sauraron maɓalli ba. Nan ne furojek da yawa ke kwanciya: rauta na mutuwa, allo ya maƙale a madauki yana jiranta.

Sabon tsarin Matter da ya fito a watan Oktoban 2022 ma yana da ɗauri a cikin ƙa'idarsa, amma kada tambarin kwali ya ruɗe ka, a gwada a gani.

Gwajin zare filogi

Kafin ka ce wa mutanen gida an gama, ko ka tsaya gaban malamai ranar kare furojek, yi waɗannan huɗu a jere, kana danna maɓalli bayan kowanne.

Kashe data ko zare layin intanet.

Zare filogin rauta.

Zare filogin saba da kodineta, ka bar su a kashe har kwana guda. Wasu na'urorin suna aiki a minti na farko, sai bayan sa'o'i su rikice.

Saba na kashe, ka kashe babban layin gidan ka sake kunnawa, kamar an ɗauke wuta an dawo da ita. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru a gidanmu, kuma shi ne gwajin da ban taɓa yi ba.

Sai na biyar wanda ba na filogi ba: ka kira wanda ya fi kowa tsufa a gidan, ko yaro ɗan shekara biyar, ka ce ya kunna fitila ba tare da ka yi masa bayani ba. In sai an ɗauko waya an buɗe manhaja, aikinka da saura.

Na roƙi Baba ya ba ni sati biyu kafin a mayar da makunnan da. Maɓallina biyu suka ɗauru, na uku ya ƙi, don haka zaure na mayar masa da tsohon makunninsa na sa rile a baya. Ranar gwaji na zare filogin saba a gabansu na ɗora ta a kan tabarma, na ce wa kaka bismilla. Ta danna, fitila ta kama. Ta kashe, ta sake kunnawa har sau uku, tana kallon 'yar kwamfutar da ke gefen ƙafarta.

Ta ce, "To maigida, yanzu ka yi aiki. Amma tocilata tana nan ƙarƙashin matashi, ba ni ba ka ta."

Ban yi mata musu ba. Batir biyu na saya mata a hanyar dawowa daga makaranta.